Goggo Tela da Barkono

Goggo Tela ba ta taɓa haihuwa ba, amma babu yaron ƙauyen da bai san bencin shagonta ba. Mijinta ya rasu ya bar mata keken ɗinki mai ƙafa da rumfar kwano kusa da injin niƙa, ta ɗora daga nan. Gajeriya ce mai surutu, tef ɗin awo a wuya, allura a baki. In riga ta matse ka, sai ta ce jikinka ne ya canza a hanya.

Maƙwabcinta direba yana da 'ya da ake kira Barkono. Shekararta goma sha biyar, kuma ta ci sunanta: ta taɓa fasa wa ɗan ajinsu baki don ya kwaikwayi in'inarta. A gida duka, a makaranta duka, abin sai gaba yake yi.

Wata rana uwarta ta turo ta awon rigar makaranta. Ana zafi kamar me, amma Barkono ta ce ita dogon hannu take so. Da Goggo ta naɗe mata hannun riga za ta ɗora tef, sai ga tabbai jere a damtsenta, wasu ma ba su gama warkewa ba. Yarinyar ta fizge hannu.

Goggo ta zare allurar daga baki. "Wa ya yi miki wannan?"

"Ni ce," in ji Barkono, kanta a ƙasa. "In abin ya taso min, ji nake ƙirjina zai fashe."

"Zauna, 'yata. Ba zan yi miki faɗa ba, wanda aka yi ya isa. Amma ba zan ɓoye wa mamarki ba. Tare za mu je, ni zan fara magana."

Haka aka yi. Uwar ta sha kuka, Barkono kuma ta kwana biyu ba ta gaishe da Goggo. Goggo ba ta yi zuciya ba. Ita ta rufe shago ta raka su asibitin gari, inda wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa zama da yarinyar suna magana. Goggo ta kuma ajiye buhun tsummoki a bayan keke, na cusa matashin kai.

"Duk ran da ya taso, zo ki yi ta yaga. Ko magana ba sai kin yi min ba."

Fushin bai tafi lokaci guda ba. Akwai ranar da ta shuri ƙofar shagon ta ɓalle, direba ya zo da guduma yana gyara yana ba da haƙuri. Goggo ta ce dama ƙofar ta tsufa, har ita Goggon ma ta girme ta. A hankali yarinyar ta koyi buɗe baki kafin hannu ya riga ta, sabon tabo kuma bai ƙaru ba.

Yanzu idon Goggo ya yi rauni, Barkono ce ke yanka, ita tana taka keke. Har gobe Barkono takan ɗaga murya, musamman ga masu kawo yadi yau su ce gobe suke so. A nan kam Goggo bayanta take bi.