Bakanike Mai Tashin Hantsi

Wan matata bakanike ne. Shekara ashirin da bakwai yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, kuma har yau bai yarda akwai abin da littafin mota ya sani wanda babban yatsansa bai sani ba. A gareji Kauri suke ce masa. Ba don jiki ba, domin siriri ne kamar sandar auna mai. Don ra'ayinsa ne: a wurinsa baƙin mai in bai yi kauri ba, ruwa ne aka yi wa rini.

Ga yadda yake zaɓen mai. Zai ɗiga shi a farcen babban yatsa, ya karkata hannu, ya tsuke baki yana kallo kamar alƙali. Wanda ya gangara da sauri ya faɗi. Wanda ya tsaya yana jan jiki shi ne mai. Sai dai Kauri ba ya buɗe gareji sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin rufin kwano ya riga ya gasa kowane galan. Duk man da ya taɓa gwadawa a narke ya same shi. Injin da ya kwana a waje cikin sanyi kuwa, bai taɓa jin kukansa ba.

Ni nake ji. Motar gidan burodi nake ja, ƙarfe biyar na safe ake so in bar ƙofa. Tun da na auri ƙanwarsa, kai masa juyen mai ya zama mini kamar gaida surukai, ba a fashi. Lokacin zafi babu laifi. Da sanyi ya shigo sai motar ta fara hali: in na murɗa makulli ta yi ta gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, in ta tashi kuma saman injin ya dinga ƙwanƙwasa har sai man ya ga dama ya hau. Sau uku cikin mako guda masu kantuna suka gaji da jira suka sayi burodin wani. Mai gidan burodin ya ce na huɗu in ajiye masa makulli a tebur.

Na kai wa Kauri littafin motar, na nuna masa lambobi biyun da ke jikin galan. Ta farko ta sanyi ce, in ta yi ƙasa man ya fi saurin zagaya inji da safe. Ta biyu ta zafi ce. Motar goma da arba'in take so, shi ashirin da hamsin yake ɗura mata. Ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa riƙe sifana ya kwance noti ba. Ya ce batir ne, aka canza batir. Ya ce to hannuna ne ba shi da albarka.

Ranar Laraba na kwanar da ragowar mansa a waje, na buga masa ƙofa gari bai gama wayewa ba. Ya fito lulluɓe da bargo yana ambaton kakannina. Na kama yatsan nan nasa na ɗiga masa. Man ya zauna a farce kamar ƙaro, ko motsi.

Na ce, "To Yaya, wannan ne zai hau saman inji kafin ƙarfe ya ci ƙarfe?"

Ya dubi farcen, ya dube ni. "Ka ga mai ke nan. Ko sanyi bai iya da shi ba."

Ran nan na kai motar garejin da ke tsallaken titi, gaban idonsa, aka zubar da nasa aka sa wanda littafi ya ce. Kafin la'asar ya kai ƙarata wurin surukata, wai na tozarta gida a gaban bare. Ta kira ni ta yi mini wankin babban bargo. Matata ta kwana biyu tana ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba. Washegarin juyen man kuwa motar ta tashi a murɗa ɗaya, haka jibi, haka har yau, makulli kuma yana aljihuna.

Kauri ba ya amsa gaisuwata. Amma duk wata sai ya aiko ƙanwarsa da galan ɗin mai kauri, wai ta ajiye mini zuwa ranar da zan tuba. Ina karɓa da hannu biyu. Yanzu duk layinmu babu ƙyauren da ke ƙara, kowanne ya sha man Kauri.