Gilasai Ukun Malam Sanusi

Ku da kuka kama aikin shara bana, ku matso ku ji. Akwai wata Talata da har yau ban iya mantawa da ita ba, ranar da aka kira ni ofishin magatakarda. Shekara huɗu ke nan da fara Shari'a, ni kuwa ina share gidajen malamai a wata babbar makaranta a Ƙauran Namoda.

Cikin gidajen da aka ba ni har da na Malam Sanusi, mutumin Zurmi, mai koyar da kimiyya. Shi ba shi da abin sha'awa sai ɗaukar hoton sama. Yana da wani bututun hangen nesa da kyamara a gindinsa, da gilasai uku, kowanne bai fi bakin kofin shayi ba. Ya ce mini can tsakanin taurari akwai gizagizan iska masu haske waɗanda ido ba ya kamawa. Kowane gilashi hasken iska iri ɗaya yake bari ya wuce, ya tare sauran, har da na fitilun makaranta. Sai ya ɗauka da na farko, ya sake da na biyu, ya sake da na uku, duk su fito baƙi da fari. A kwamfuta ya ba wannan ja, wannan kore, wancan shuɗi, ya haɗa su hoto ɗaya. Doka ɗaya ya kafa mini: kada tsumma ya taɓa gilasan.

To, tsumma bai taɓa su ba. Bakina ne ya taɓa su. Na je suna a ƙauyen Banga, na ce wa mata malamin da nake wa shara yana da madubai uku masu nuna masa abin da ke ɓoye. Magana ta zaga kasuwa, ta dawo makaranta a rubuce: wai Malam yana duba da taurari. A shekarun nan, irin wannan zargi ya isa ya raba mutum da aikinsa.

Ranar Talatar nan na tarar da kwamitin bincike na mutum uku a ofishin, limamin makaranta a tsakiya. Malam Sanusi na gefe, kansa a ƙasa.

"Inna Hajo, mi kike gani a ɗakin Malam Sanusi?" in ji Liman.

"Allah shi gafarta Malam, daga bakina maganar ta fito, kuma ban faɗe ta daidai ba."

Na ce shekara biyu ina share ɗakin, tsintsiyata ba ta taɓa kwaso ƙasar duba ba, ban kuma ga mai neman sa'a ya yi sallama ba. Baƙinsa sauro ne kaɗai.

Liman ya sa aka kawo hoton. Ja da shuɗi sun gauraya kamar zane a karofi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko haka launin yake a sama. Da a ce Malam Sanusi ya ce e, da ba mai iya ƙaryata shi a wurin, amma sai ya ce:

"A'a, Malam. Hasken na gaskiya ne. Launin ni na zaɓa, don a bambance iskar."

Liman ya ajiye hoton, ya ce mai duba ba ya nuna wa mutane inda ya sa hannunsa. Aka rufe fayil.

Washegari na zo da tsintsiyata ina jiran sallama. Malam ya miƙo mini makulli kamar kullum, ya ce a dai kula da gilasan.

Ku riƙe wannan, ɗiyana. Mai shara tana ganin komai na gidan mutum, amma rabi take ganewa. Abin da kuka gani a ɗaki, ku bar shi inda kuka same shi. Shekara tara na ƙara a gidan nan, gilasan ba su sake fita ta bakina ba sai yau.