Igiyar Takalmin Noeline

Noeline Brosnahan ta yi shekara talatin da ɗaya tana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyukan yankin Geraldine, ta kuma yi talatin da takwas tana cikin ƙungiyarmu ta masu hawan duwatsu. A duk tsawon wannan lokaci ban san wanda ya taɓa ganin ƙeyarta a kan hanya ba, domin ita ce kurar baya. Kowace tafiya akwai jagora a gaba, akwai kuma wanda ke zuwa ƙarshe don kada a bar wani a daji. Aiki ne da kowa ke gudu. Kai ne za ka bi mai ciwon ƙafa, kai ne za ka saurari mai mita, in an isa wurin hutu kuma ka tarar an shanye shayi. Noeline ba sa ta aka yi ba, ita ta ɗauka, kuma ba ta taɓa sakinsa ba.

Gajeriya ce mai faɗi, da tabarau mai kauri da koriyar hular ulu da ta saƙa da hannunta. Jakarta ta girmi rabin 'yan ƙungiyar. A ciki kullum akwai burodin cuku da take gasawa ranar Juma'a, ta naɗe shi a tsohon tawul ɗin kicin. Ba ta da yawan magana a hanya, sai dai ka ga leɓenta na motsi tana ƙirga kawunanmu, kamar yadda ta saba ƙirga yara a madubin mota.

Ni na shigo ƙungiyar shekara ashirin da biyu da suka wuce, da tumbi da kwalin taba a aljihu, da kuma girman kai irin na makaniken da bai taɓa hawa abin da ya wuce tsanin gareji ba. Awa ɗaya da fara hawa na ji ƙirjina kamar zai tsage. Sauran sun ɓace a cikin bishiyoyi, sai ni da wannan mata a bayana. Na rantse a raina gara in faɗi matacce da in ce a tsaya. Can sai na ji ta ce, "Ɗan dakata mini, igiyar takalmina ta kwance." Na jingina da bishiya ina haki, ina gode wa Allah da ya haɗa ni da sakarya. Kafin mu kai bukkar kwana sau huɗu igiyar nan tana kwancewa. A na huɗun haƙurina ya ƙare.

"Baiwar Allah, wai ba a koya miki ɗaurin takalmi ba ne?"

"Ka dai gani, Murray," in ji ta. "Abin da nake fama da shi ke nan tun ina yarinya. Zo ka nuna mini, tunda kai makanike ne."

Na durƙusa na koya mata ƙulli biyu, har da bayani. Ta saurara da kyau, ta yi godiya.

Sai bayan shekara uku na gane. Wata sabuwar shiga, Glenys mai shagon magani, ta fara jan ƙafa a kan tudu, fuskarta ta yi ja, tana ta cewa lafiyarta ƙalau. Da idona na ga Noeline ta sunkuya ta ja bakin igiyar ta kwance ta da kanta, sannan ta ce a dakata mata. Kunya ta rufe ni har cikin kunne. Da na yi mata zancen daga baya, ko a jikinta. Ta ce mutumin da ya gaji ya riga ya sani, ba ya bukatar a sanar da shi a gaban jama'a. Daga baya na fahimci kusan kowa a ƙungiyar ya bi ta wannan hanya, kowa kuma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Akwai wani dutse a can ƙarshen kwarinmu, sunansa daban a taswira, mu dai Ƙusumbi muke ce masa. Da rani ba ya hawuwa, duk tsakuwa ce mai zamewa, sai hunturu ya zo dusar ƙanƙara ta ɗaure shi. Duk watan Agusta muke zuwa, don a ƙasarmu lokacin ne hunturu. Dokarsa ɗaya ce: ƙarfe ɗaya na rana, duk inda kake, ka juya, don rana ba ta daɗewa. Sau goma sha ɗaya Noeline tana hawa Ƙusumbi, ba ta taɓa taka samansa ba. Kullum sai an sami wanda takalmi ya ci masa dunduniya, ko wanda ya hango siririn gefen dutsen gwiwarsa ta yi sanyi, ita kuma ta juyo da shi. Sau biyu ni ne. Kafin mu sauko ta hura wuta a bukka, ta ɗora shayi, ta kuma faskara itacen da za a bar wa masu zuwa bayanmu.

"Yaya saman?" ta kan tambaya.

"Anti, har teku ana gani!"

"Teku kuma? Ai ko ranar Talata na gan shi a garin Timaru, ban sha wahala ba."

Mu ma sai mu yi dariya, mu ɗauka da gaske take. Glenys ce ta tona, wata rana da ta kai mata magani gida. Ta ce hoton tarin duwatsun da ke saman Ƙusumbi yana manne a ƙofar firjin Noeline, ya daɗe har ya koɗe. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san biyu daga cikin goma sha ɗayan nan a wuyana suke.

Bara, a taron watan Yuni, tana zuba mana shayi ta faɗa kamar zancen ruwan sama: a watan Satumba likita zai canza mata gwiwar hagu, bayan nan kuma ita da dusar ƙanƙara sai hange. Shekararta saba'in da ɗaya. Tipene Rehu, jagoranmu, ya ajiye kofinsa.

"To bana ke ce a gaba, Anti. Ƙusumbi, kuma ba mai juyo da ke."

"Ni a gaba? Wa zai riƙa tsinto ku?"

"Murray."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Murray da ko sifanonin garejinsa bai san yawansu ba?"

"Ke dai ki ji da gwiwarki, tsohuwa," na ce. "Ƙirga mutum tara ba digiri ba ne."

Ta yi gardama har aka tashi, amma Tipene ya kafe. Da muka fito na ga ta tsaya a bakin motarta ta daɗe tana neman makullin da ke hannunta.

Wata Asabar a watan Agusta muka shiga kwarin, muka ƙetare kogi ruwa har cinya, muka kwana a bukka. Da gari ya waye muka kama hawa, mu tara, sama tas babu gajimare. Inda ciyawa ta ƙare dusar ƙanƙara ta fara muka tsaya muka shirya kamar kullum. Kowa ya sa marufin ƙwauri, wanda ke saukowa daga gwiwa ya lulluɓe bakin takalmi da igiyarsa, sannan ya ɗaura ƙarfe mai haƙora a ƙasan takalmin, ya zagayo da maɗaurinsa ta sama ya tamke. Kowa ya riƙe gatarin ƙanƙara. Noeline ta wuce gaba tana ƙunƙuni.

Ashe matar da ta ƙware a baya ba ta iya gaba ba sam. Ta kama sauri kamar an biyo ta, don a ganinta mutum takwas take tsarewa. Duk taku goma sai ta waiwayo ta ƙirga mu. Wajen ƙarfe goma da rabi, daga inda nake a ƙarshen layi, na ga ƙafarta ta hagu ta fara jan ƙasa.

"Anti, ko mu ɗan huta?" in ji Tipene.

"Wa ya gaji? Ni dai ban gaji ba. In kai ne ka faɗa."

Tipene ya ci gaba da bin ta. Ni kuwa na san irin wannan tafiyar, na yi ta da kaina. In ta ci gaba a haka ba za ta wuce sirdin dutsen ba, inda ya ɗan lotsa kafin hawan ƙarshe, za ta zauna ne ta kasa tashi, shi ke nan an yi na goma sha biyu. Ban tsaya tunani ba na ɗaga murya.

"Ku dakata mini! Igiyar takalmina ta kwance!"

Na durƙusa na kai hannu, sai na ci karo da maɗaurin ƙarfe da marufi. Igiyar tana can ciki a rufe ruf, ko iska ba ta taɓa ta. Glenys da ke gabana ta sunkuyo.

"Kai dai an yi sakarai," ta ce a hankali. "Ta ina ka ga ta kwance? Ta cikin marufin?"

"Rufe mini baki, ki tare ni kada ta gani."

Tunda na riga na faɗa, dole na cire safar hannu, na kwance ƙarfen, na buɗe marufin, na warware igiyar da ba ta yi laifin komai ba, na sake ɗaurewa. Yatsuna suka ƙage don sanyi, ina zagin kaina a zuci. Minti biyar cur. Da na ɗago na hango Noeline ta dogara a kan gatarinta, ta ɗauke nauyi daga ƙafar hagu, tana numfashi. Tana kallona.

Bayan minti ashirin igiyar Glenys ta kwance. Daga nan ta Tipene, wanda ya yi shekara talatin yana koya wa mutane shiri. Annoba ta shiga takalman ƙungiya. Sau bakwai muka tsaya, kowane tsayi mutum ya tsuguna yana fama da maɗauri da daskararrun yatsu, saura suna kallon sama kamar ba su san komai ba. Noeline ta rage sauri, ɗingishin ya lafa. Amma agogo bai tsaya tare da mu ba. Sha biyu da rabi ta same mu a gindin hawan ƙarshe, inda sai an sa hannu an kama dutse. Na ga Tipene ya dubi agogonsa, na kuwa san ko uwarsa ce ba zai ƙara mata minti ɗaya a kan doka ba. Noeline ma ba za ta yarda ya ƙara ba.

Ta kama dutsen. Tana ɗaga ƙafar dama, ta jawo ta hagu, ta tsaya, ta sake. Ba wanda ya miƙa mata hannu, mun san halinta. Ni ina ƙasa ina ƙirga kawuna, ina ƙirga mintuna.

Ɗaya saura minti shida ta kai. Taku uku ya rage tsakaninta da tarin duwatsun nan na jikin firjinta, sai ta tsaya ta matsa gefe.

"Ku wuce."

"Haba Anti," in ji Tipene, "don ke fa muka zo."

"Na ce ku wuce, kuna cinye mini lokaci."

Muka wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Da na zo ta ce, "Takwas," ta ɗan tura ni da gatari. Sannan ta tako ta dafa tarin duwatsun. Filayen gonaki sun shimfiɗu a ƙasa har can inda teku ya fara, shuɗi, ba iyaka. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe ba irin na Timaru ba ne," ta ce. Na ji idona ya cika, ban kuma ɓoye ba.

Ta buɗe jaka ta fito da tawul ɗin burodin cuku, ta raba mana a tsaye. Da ta zo kaina ta riƙe nawa ba ta saki ba.

"Shekara talatin da takwas ina wannan sana'a, ku a rana ɗaya kun zubar mata da mutunci. Wa ya taɓa jin igiya ta kwance a cikin marufi? Igiya ta rani ce, Murray. Da hunturu cewa ake tabarau ya yi hazo."

Kowa ya fashe da dariya, ban da ni. Na tuna sau biyun nan da na gaza a wannan dutse, yadda ta yi ta tsayawa a bayana tana goge tabarau, ina jin haushin tana ɓata mini lokaci.

Ƙarfe ɗaya daidai Tipene ya ce a juya. Noeline ta koma ƙarshen layi ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ni kuma na tsaya a gabanta, muka sauko a hankali.

An yi aikin gwiwar, ya yi kyau. Yanzu tana bin tafiyar bakin kogi ta ranar Laraba da sanda, tana kuma zuwa taro ta zuba shayi ta yi mana tsiya. Hoton firjin ta canza shi da wanda take ciki. Ni ne kurar baya a tafiyar duwatsu, kuma a watan jiya, da hunturu ya matso, na sayi tabarau duk da idona garau yake. Da ta gan ni da shi a taro sai ta matso kusa da ni. Ta ciro ɗan ƙyallen da take goge nata, ta ninke shi, ta sa mini a aljihun riga.