Yaya Mai Soso da Shagon da Ya Ɓoye Mana

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab, ina cikin aji ina koyarwa aka kira ni a waya. Wani mutum ne da ban taɓa jin muryarsa ba. Ya ce shi tela ne, shagonsa na manne da naka, Yaya, a can ƙasar da ka tafi neman abinci. Ya ce in yi haƙuri, yayana ya cika da safe a asibiti, huhunsa ya daina aiki. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, ban ja da wannan ba. Amma Yaya, tun ranar kowa ke ce mini in yi shiru in yi addu'a. Addu'a ina yi. Shirun ne ba zan iya ba.

Gyaran kujeru ne sana'arka tun kana saurayi, shi ya sa yaran unguwa suka sa maka Kawu Mai Soso. Za a kawo maka kujerar da ta zube, ka farke ta, ka canza soso, ka ja sabon yadi, mai ita ya zo ya yi ta zagayawa yana neman tasa. Ranar da ka raka matarka awo ka ga mata masu ciki zaune a kan busasshen benci, washegari ka koma asibitin da guduma da ƙusoshi da ragowar soso, ba wanda ya aike ka. Lokacin aurena kai ka haɗa mini kujeru, ka ce, "In mijinki ya ɓata miki rai ki zauna a kai ki huce. Kada ki jefe shi da su, katakon mai nauyi ne." Har Inna sai da ta yi dariya.

Ba kwaɗayi ne ya fitar da kai ba, wannan nake so a sani. Mai layin shagunanku ne ya tashe ku, ya rushe wurin, ya ɗora dogon ginin da har yau rabinsa babu kowa. Ka dawo da aiki zauren gida, ruwa yana dukan soso, masu kawo aiki suna raguwa. Duk da haka ba ka yi zancen tafiya ba sai ranar da Baffa ya dube ka a gaban surukanka ya ce, "Sa'o'inka duk sun haye waje suna gina gidaje, kai kana nan kana dukan ƙusa a zaure." Ina wurin. Na ga yadda ka sunkuyar da kai.

Kuma ba ta ɓarauniyar hanya ka bi ba. Ka nemi izinin zama na mai sana'ar kansa, aka ba ka da sharaɗi: shago ya kasance a buɗe yana aiki, in ba haka ba ba za a sabunta maka ba, kuma ba za ka ɗauko iyalinka ba. Ma'aikacin kamfani in ya kwanta ciwo ana ba shi hutu. Kai da kake ubangidan kanka, wa zai ba ka?

Duk sanda ka kira mu ta bidiyo, bango ɗaya muke gani a bayanka, fari tas, da sabuwar kujera a jingine. In tari ya sarƙe ka sai ka ce sanyin garin ne. Bayan rasuwarka na roƙi telan ya shiga ya nuna mini wurin. Ya sauka matakala, ya juya wayar a hankali. Ɗaki ne a ƙarƙashin bene, babu taga ko ɗaya. Gwangwanayen gam a jere, tarin soso har sama, ƙura ta rufe fanka, ga katifarka a tsakiya. A nan kake aiki, a nan kake kwana, warin gam ɗin nan kake shaƙa har ya cinye maka ƙirji. Bangon nan ɗaya kawai ka yi wa fenti, saboda mu.

Telan ya ce likita ya umarce ka da ka nisanci gam ka kwanta a yi maka magani. Ka je ofishin masu ba da izini ka roƙi a bar ka ka rufe na 'yan watanni, jami'in bai ko ɗago kai ba, ya ce doka ce. "Na ce masa, Maigida, ka rufe kawai, rai ya fi," in ji telan. "Sai ya ce, in na rufe, yarana ba za su zo ba."

Ina fushi da dokar da ta san shagon mutum amma ba ta san ƙirjinsa ba. Ina fushi da mai ginin da ya ba ɗan Adam hayar ramin da ko kaya bai kamata a ajiye ba. Ina fushi da Baffa, wanda yanzu yake zaune a gaba wurin karɓar gaisuwa yana ce wa mutane dama shi bai so tafiyar nan ba. Wanda ya rushe shagonka ma ya zo ta'aziyya, ya kishingiɗa a kujerar da ka yi wa Inna, har yana yaba laushinta, ni kuma aka ce in kawo masa ruwa.

Kai ma Yaya ina fushi da kai. Mu ƙannenka ne, ba baƙi ba. Da ka faɗa, da mun ce ka dawo, zauren yana nan. Ka zaɓi ka rufa mana asiri da ranka, ba ka tambaye mu ko muna so ba. Ga matarka nan ta haɗa kayan tafiya tun bara, ƙaramar 'yarka kuma a waya kawai ta san ka.

A can aka binne ka. Telan da wasu da ka taɓa yi wa aiki ne suka sallace ka, Allah Ya saka musu da alheri. Ya Allah Ka jiƙan bawanka, Ka gafarta masa, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarsa, da 'ya'yansa, Allah Ya ba su dangana, Ya raya abin da ya bari. Sauran da na ambata kuwa, Inna ta ce in yafe musu. Na ce mata ina roƙon Allah Ya ba ni ikon haka, don yau ba ni da shi.