Dalilin da ake ce mana Gidan Barde

Na tarar da Baffa Dikko, yayan mahaifina, shi kaɗai a zaurenmu na Lambara, yana goge wani tsohon bakin mashi da toka. 'Ya'yansa duk sun koma birni.

Na ce, "Baffa, wai me ya sa ake ce mana gidan Barde?"

Ya ɗaga bakin mashin ya ce, "Barde shi na mahayin doki mai dogon mashi, wanda ka shiga gaba ranar yaƙi. In suna da yawa, barade. Kakan babana na cikinsu. Tun gabanin zuwan Turawa sunka tashi daga Boɗinga zuwa yaƙi, doki nai kaɗai ya komo, da wanga mashi ɗaure ga sirdi. Mata tai har ta tsufa tana jiran shi."

Sai ya ƙara da cewa, "Jikokina na rubuta Barde ga takardun makaranta, amma tun rasuwar babanka ba wanda ya tambaye ni."

Da niyyar komawa Sakkwato bayan la'asar na zo. Sai da na kwana biyu.

A gidanku, wa ya rage da ya san ma'anar sunan da kuke amsawa?