Sunan Mai Rijiya

Da matata ta haifi ɗanmu na fari, na ce sunan kakana za a sa masa. Sai da na faɗa a gaban mutane sannan na tuna ban san sunan ba.

Kowa a ƙauyenmu, can gabas da Gezawa, Mai Rijiya yake ce masa. Baƙo ne, ci-rani ya kawo shi daga arewa, ya haƙa rijiyar bakin masallaci, aka ba shi gona da mata, ya zauna. Ya rasu mahaifina yana goye. Shi kuwa mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da aka kai shi firamare sunan ƙauyen aka liƙa a bayan nasa, mu ma shi muka gada.

Na fara da gidan dagaci. Aka fito da tsofaffin takardun haraji, gara ta ci rabinsu, a ragowar an rubuta Mai Rijiya. Takardar gonarmu ma haka. Na je wurin dattawa biyu da suka san shi, kowa ya ba ni suna daban, har suka kusa ba hammata iska a kan tabarma. Na taso raina a ɓace, ga ranar suna tana matsowa.

Saura mutum ɗaya, Iya, kakata, matarsa. Ita kuwa irin matan da ce, ba sa kama sunan miji ko da yana kabari. Tun tasowata "shi" kawai take ce masa. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Kai, ja'iri! Ni za ka sa in yi rashin kunya da furfurata?"

"Iya, ba sai kin faɗa ba. Ni zan riƙa jero sunaye, in na zo kan nasa ki gyaɗa kai."

"Da kan da bakin ai duk nawa ne. Tashi ka ba ni wuri."

Na ji haushi ƙwarai. Na ce mata daga ita babu wanda ya rage, ranar da ta tafi shi ke nan, sunan ya bi ta. Ta ci gaba da ɓararta.

Ana gobe suna, da hantsi, sai ga ta da sandarta ta shigo ɗakin mai jego. Ta sallami matan da ke ciki, ta ce a miƙo mata yaron. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, ta gan ni sarai. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta kira shi da wani suna, a hankali. Ba ko ɗaya ba ne daga na dattawan nan.

"Ka tafi ka bar ni da ɗanyen goyo," in ji ta ga jaririn. "Sai yanzu ka ga damar dawowa?"

Ta goge ido da gefen zani, ta harare ni.

"Me kake kallo? Da yaron nake magana. Je ka faɗa wa liman tun ban ce ƙarya ka ji ba."