Igiya a Ƙugun Surukina

A shekarun da kuɗin mai ya yi wa gwamnatocinmu yawa, kowa turo shi Landan ake yi ya karanto wani abu. Wasu likitanci, wasu lauya. Ni kuwa hawan dutse aka turo ni in koyo. Malamin motsa jiki ne ni a wata sakandare, jiharmu kuma ta ƙudurta fara kai ɗalibai yawon tsaunuka, aka ce sai an sami mai takardar shaidar jagorantar ayari. 'Yan'uwa a Landan sun sha dariya a kaina. Akwai wani abokina ɗan jarida, duk sanda ya gan ni da igiya a kafaɗa sai ya ce, "Malam, akuyar ce ta sake tsinkewa?"

Ban kula su ba. Na sha dukan ruwa a tsaunukan Wales, na koyi karanta taswira cikin hazo, na koyi ɗaurin igiya har ina yi ido rufe. Saura gwaji na ƙarshe: in kawo mutanen da ba su taɓa hawa da igiya ba, in hau da su, in sauko da su lafiya, mai jarrabawa na kallo. Bizata ta kusa ƙarewa, babu kuma lokacin maimaitawa. In na faɗi, gida zan koma hannu rabbana.

Ana gab da gwajin sai ga surukina ya iso, ya zo a duba masa ido a wani asibiti a unguwar Marylebone. Dattijo ne mai ƙwari, a gindin dutse aka haife shi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo falo, kicin nake komawa. Da ya ji labarin gwajin daga bakin matata sai ya ce, "Ai da ni za a je, in ga abin da gwamnati take zuba wa kuɗi." Matata ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Wa zai ce masa a'a?

Muka hau jirgin ƙasa a tashar Charing Cross zuwa wasu duwatsu da ke cikin daji a kudancin birnin, ni da Baba, wato surukin nawa, da ɗan jaridar da ɗalibai biyu. Mai jarrabawar wata 'yar Baturiya ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Tsarin mai sauƙi ne. Igiya tana ratsa wani ƙarfe a saman dutsen, bakinta ɗaya a ƙugun mai hawa, ɗayan a hannuna ina ƙasa. Doka kuwa ita ce jagora ya duba ɗaurin kowa da hannunsa kafin mutum ya bar ƙasa.

Ɗaliban suka hau suka sauko, ɗan jaridar ma ya hau yana ta salati. Da aka zo kan Baba, sai ya karɓi bakin igiyar, ya juya mini baya, ya ɗaura abarsa kamar mai ɗaura tazuge. Na ga ɗaurin. Na san da nauyi ya hau kansa zai warware. Amma hannuna ya ƙi tafiya. Ta yaya zan kai hannu ƙugun surukina? Ina tsaye ina wannan shawara ya tuɓe takalmi ya kama dutse, kafin in ankara ƙafafunsa sun wuce kaina.

Na ga Baturiyar ta ɗaga ƙafa za ta matso. In ta riga ni magana, na faɗi. Tsoro kuma ya kama ni, don mahaifin matata ne a sama da igiyar banza a ƙugu.

"Baba, tsaya nan!" Da muryar da nake wa 'yan aji ɗaya tsawa na faɗa. "Sauko."

Ɗan jaridar ya ja rigata. "Kai, Baba ne fa. Ka bari ya yi finishing mana."

"Na ce ya sauko."

Baba ya sauko da baya, a hankali. Da ya dira ya ce, "Ni kake wa tsawa? Tun ba a haife ka ba nake hawan dutsen da ya ninka wannan."

"Gaskiya ne, Baba. Amma ɗaurin nan ba zai riƙe ka ba. In ba ni na ɗaura ba, ba za ka hau ba."

Na durƙusa a gabansa, na kwance abin da ya ɗaura, na zagaya igiyar a ƙugunsa, na ƙulle, na ja da ƙarfi har sai da ya yi taku ɗaya gaba. Kunya ta kusa kashe ni, amma ban saki ba sai da na gamsu. Daga baya Baturiyar ta ce mini a nan na ci gwajin, ko da yake na yi jinkiri. Ni a lokacin na manta ma tana wurin.

Baba ya koma ya kama dutse. Hawa kam ya iya, ya fi ɗaliban nesa ba kusa ba. Sai dai saukowa daga can sama ba da ƙarfi ake yi ba. Dole mutum ya saki dutsen gaba ɗaya, ya kwanta da baya a kan igiya, na ƙasa ya sauko da shi. Ya kai ƙoli ya tsaya. Ya leƙo ƙasa, ya taɓa ɗaurin da ke ƙugunsa, ya daɗe a haka. Raina ya ba ni fushi ne ya hana shi saukowa, na kuma shirya mu wuni a nan in ta kama.

Can sai na ji muryarsa, ba irin wadda na sani ba.

"Malam, in saki?"

Na gyara tsayuwa, na damƙe igiyar da hannu biyu.

"Saki, Baba. Na riƙe ka."

Ya saki, nauyinsa duka ya dawo hannuna.